RAYUWA A ƘARAMIN JIRGIN RUWAN ALFARMA: KOMAI A ƘIRGE YAKE



Makonni biyu da suka wuce gardama ta kaure a taron kulob ɗinmu. Ɗaya daga cikinmu ne ya zo da wata tsohuwar kalanda mai hoton farin jirgin ruwa a tsaye a kan shuɗin teku, ga mutane kwance a kujeru suna shan lemo. Wasunmu suka ce rayuwar cikin irin wannan jirgi ba komai ba ce sai ci da barci. Wasu suka ce ba haka ba ne. Malamin da ke kula da kulob ɗinmu ya saurare mu har muka gaji, sannan ya tuna mana cewa ɗan jarida ba ya cin gardama da ƙarfin murya, sai da bincike. To, mun bincika, ga kuma abin da muka samo.

Ina ne wurin?

Irin waɗannan ƙananan jirage suna yawo da masu yawon buɗe ido a tekuna masu ɗumi da yawa. Don kada mu yi ta kame-kame, mun zaɓi wuri guda: tsibiran Galapagos na ƙasar Ikwado, a nahiyar Kudancin Amurka. Suna cikin Tekun Fasifik, kimanin kilomita 1,000 daga gaɓar ƙasar, wato kusan tafiyar Kano zuwa Legas a mota, amma duk a kan ruwa. Layin Ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu a taswirar da ke ajinmu, ya ratsa ta kansu. Daga sunan layin ne ma ƙasar Ikwado ta samo nata sunan.

Duwatsu masu aman wuta ne suka haifar da tsibiran, kuma akwai dabbobi a cikinsu waɗanda babu irinsu a ko'ina a duniya. Masanin halittu na Ingila, Charles Darwin, ya yi makonni biyar a can a 1835. A 1959 gwamnatin Ikwado ta mayar da kashi 97 cikin 100 na ƙasar tsibiran gandun daji na ƙasa, a 1978 kuma hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Da yawa daga cikin tsibiran babu gari, babu otal, babu titi. Wanda yake son ganin na nesa, dole ya kwana a jirgi. Nigeriya ta riga su shiga rana da awa bakwai. Idan ƙarfe shida na safe ta yi a can, mu nan ƙarfe ɗaya na rana ce, muna ta duban agogo muna jiran ƙararrawar tashi.

Yaya jirgin yake?

Kada ku kawo a ranku irin katafaren jirgin nan mai ɗaukar mutane dubbai. A Galapagos doka ba ta yarda jirgin yawon buɗe ido ya ɗauki baƙi fiye da 100 ba. Da yawa daga cikin jiragen ma baƙi 16 kacal suke ɗauka. Ajinmu kaɗai zai cika irin wannan jirgi sau uku ko huɗu. Tsawonsa bai kai rabin filin ƙwallo ba.

Yawanci yana da hawa uku ko huɗu. A can ƙasa akwai ɗakin injuna da tankunan mai da na ruwa. A tsakiya akwai falo da wurin cin abinci da kicin. Baƙi suna da ɗakuna takwas ko tara, kowane da gado da banɗaki da na'urar sanyaya ɗaki da taga mai kallon teku. A sama akwai ɗakin tuƙi, inda kyaftin yake, da kuma fili mai rumfa da kujeru. Wannan filin ne aka ɗauka a hoton kalandarmu.

Abin da hoton bai nuna ba shi ne ɗakunan ma'aikata. Ƙanana ne, galibi a ƙasa, da gadaje masu hawa biyu irin na makarantar kwana.

Su wane ne a ciki?

Baƙi 16 suna buƙatar ma'aikata wajen goma. Akwai kyaftin, wanda alhakin ran kowa ke wuyansa. Akwai mataimakinsa. Akwai injiniya mai kula da injuna da janareto da famfuna. Akwai kuku da mataimakinsa. Akwai mai gyaran ɗakuna da mai kai abinci tebur. Akwai matuƙa biyu ko uku masu jan igiya da sauke anka da tuƙa kwale-kwale. Sai kuma ja-gora, wanda ya yi karatun dabbobi da tsirrai, yake da lasisi daga hukumar gandun daji. Ja-gora ɗaya ba ya jan mutum fiye da 16. Kun ga inda lambar nan ta 16 ta samo asali.

Ranar farko, tun kafin a tayar da inji, sai an yi atisayen ceton rai. Kowa zai sa rigar da ke hana nitsewa, a nuna masa inda zai tsaya idan wani abu ya faru. Alamar haɗari a jiragen ruwa na duniya iri ɗaya ce: gajeriyar ƙara sau bakwai, doguwa sau ɗaya. Mai kuɗi da ma'aikaci duk layi ɗaya suke shiga, don teku bai san aljihun kowa ba.

Kafin gari ya waye

Wajen ƙarfe biyar na asuba kuku ya riga ya shiga kicin. Kicin ɗin ɗan ƙarami ne, kuma yana lilo tare da jirgi. Saboda haka murhun yana da ƙarafa a gefe masu riƙe tukunya, kowace ƙofar kabad kuma tana da sakata. Idan aka manta aka bar ɗaya a buɗe, igiyar ruwa ɗaya ta isa ta zubar da farantai duka.

A daidai lokacin matuƙa suna wanke benen jirgi da ruwan daɗi. Me ya sa kullum? Saboda feshin teku yana bushewa ya bar gishiri, gishiri kuwa yana cin ƙarfe ya sa tsatsa. Farin da jirgin yake yi a hoto ba daga sama ya faɗo ba, goge shi ake yi kowace safiya. Wani lokaci ma sai sun fara lallashin zakin teku, wata dabbar ruwa mai santsin jiki da gashin baki, wadda ke hawowa bayan jirgi da dare ta yi barcinta. Ba a dukanta, ba a taɓa ta. Tafi ake yi mata har ta ga dama ta koma ruwa.

Su ma baƙi ba su da damar barcin safe. Wajen ƙarfe shida ake tashinsu, a karya kumallo, a shirya. Dalili shi ne, a kusa da Ikwaita rana tana fitowa wajen shida ta faɗi wajen shida a duk shekara, kuma a tsakanin waɗannan lokuta ne kawai aka yarda a taka wuraren ziyara. Ga shi kuma dabbobi sun fi walwala da sanyin safiya. Wanda ya biya kuɗi mai yawa ya tsaya barci, shi ya yi asara.

Sauka a tsibiri

Jirgin ba ya matsawa har gaɓa, don kada ya daki dutse. Yana sauke anka daga nesa, sai a shiga kwale-kwalen roba mai inji wanda mutanen can suke kira panga. Sauka iri biyu ce. Akwai busasshiya, inda ake taka dutse ko matakala kai tsaye. Akwai jiƙaƙƙiya, inda ake tuɓe takalmi a diro cikin ruwa har gwiwa a taka zuwa rairayi. Tun daren jiya ja-gora yake faɗa wa kowa wace iri za a yi.

A kan tudu dokoki suna da tsauri. Ba a fita daga hanyar da aka shata da turaku. Ba a matsar dabba ƙasa da mita biyu. Ba a ba ta abinci. Ba a kunna fitilar kyamara a fuskarta. Ba a ɗaukar ko da tsakuwa ɗaya ko ɓawon katantanwa. Ba a shan taba, ba a hura wuta, ba a sauka da abinci.

Abin mamaki, dabbobin can ba sa gudun mutum, domin sun daɗe suna rayuwa ba tare da masu farautarsu ba. Akwai ƙadangaren teku, baƙi mai kama da damo, wanda ke nutso ya ci ciyawar ƙarƙashin ruwa, sannan ya hau dutse yana atishawa don fitar da gishiri ta hanci. Akwai tsuntsu mai shuɗayen ƙafafu wanda ke ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana rawa don ya burge mace. Akwai manyan kunkuru masu nauyin fiye da kilo 200, masu rayuwa fiye da shekara 100. Sunan tsibiran ma daga tsohuwar kalmar Sifaniyanci ce mai nufin kunkuru.

Idan aka dawo jirgi, ba a hawa sai an wanke ƙasan takalmi. Da muka fara karanta wannan mun ɗauka don kada a ɓata dardumar masu kuɗi ne. Ashe ba haka ba ne. Ƙwayar iri ɗaya ko ƙwan ƙwaro ɗaya da ya manne a takalmi zai iya tafiya daga wannan tsibiri zuwa wancan ya yi ɓarna. Shi ya sa tun a filin jirgin sama na Kito ko Gwayakil ake bincike jakunkuna, a kuma fesa magani a ma'ajiyar kaya ta cikin jirgin sama.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan ɗan iri? To ku ji labarin tsibirin Pinta. A 1959 masunta suka saki awaki uku a can, don su riƙa samun nama. Cikin shekaru goma sha kaɗan suka hayayyafa suka kai dubu talatin ko fiye, suka cinye ciyayin da kunkuru ke ci. A 1971 aka ga kunkuru ɗaya tak na irin wannan tsibiri, aka sa masa suna George Makaɗaici. Ya mutu a watan Yuni na 2012, irinsa kuma ya ƙare daga duniya. Ba awaki ne kaɗai suka jawo haka ba. Tun ƙarnonin baya jiragen masu farautar manyan kifayen teku suna kwasar kunkuru da ransu suna jibgewa a cikin jirgi, saboda suna iya yin watanni ba ci ba sha, sai su zama naman guzuri. Jiragen da sun yi ɓarna da gangan. Na yau ana tsoron kada su yi ta cikin rashin sani.

Ninƙaya da abincin rana

Da hantsi ake shiga ruwa. Kowa zai sa gilashin ido mai rufe hanci, da bututun numfashi a baki, da takalmin roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa. Sai mutum ya kwanta a saman ruwa yana kallon ƙasa: kifaye kala-kala, kififfiyar teku, da 'ya'yan zakin teku masu son wasa. Matuƙin panga yana biye da su yana ƙirga kawuna. An shiga 16, dole a fito 16.

Ku san kuma cewa ko da yake wurin yana kan Ikwaita, ruwan ba kullum yake da ɗumi ba. Daga Yuni zuwa Nuwamba wani kwararon ruwan sanyi mai suna Humboldt yana tasowa daga kudu, sai ruwan ya yi sanyi har sai an sa rigar roba mai kama jiki. Daga Disamba zuwa Mayu ne ake zafi da ruwan sama, teku kuma ya fi kwanciya. Ruwan sanyi ne ya sa ake samun tsuntsun fengwin a can, wanda yawancinmu muka ɗauka sai a ƙasar ƙanƙara yake zama.

Yayin da baƙi ke wasa a ruwa, mai gyaran ɗaki yana tseren lokaci: gyara gadaje, sauya tawul, wanke banɗakuna takwas. Kuku kuma yana haɗa abincin rana. Ana cin shinkafa da miya da kifi da soyayyar agada da 'ya'yan itatuwa. Akwai wani abincin Ikwado da ake jiƙa kifi ko jatan lande a ruwan lemon tsami da albasa, kuma da gugguru ake cinsa. Ƙwarai, gugguru irin wanda muke saya a bakin get.

Amma kuku ba shi da kasuwa a bayan gida. Jirgin yawon buɗe ido ba shi da izinin kamun kifi, sai dai ya saya daga masuntan yankin. Wasu kayan lambu suna zuwa daga gonakin kan tudun tsibirin Santa Kuruz, sauran kaya da yawa kuma daga babban yankin ƙasar ake kawo su ta jirgin dakon kaya ko na sama. Saboda haka kafin a tashi sai kuku ya lissafa abincin mutum 26, sau uku a rana, na mako guda. Abin da ke saurin lalacewa shi ake fara ci. Idan ƙwai ya ƙare ranar Laraba, to ya ƙare ke nan, babu yaron da za a aika kanti.

Ruwa a ko'ina, amma ba na sha ba

Wannan shi ne abin da ya fi ba mu mamaki. Jirgin yana zaune a kan ruwa, amma ruwa na cikin abubuwan da suka fi tsada a cikinsa. Kowace lita ta ruwan teku tana da gishiri kimanin giram 35. Wanda ya sha shi ƙishirwarsa ƙaruwa za ta yi.

Bari mu yi lissafi irin namu. Mu ƙaddara kowane mutum ya ci jarka huɗu mai lita 25 a rana, wajen wanka da girki da wanki da wanke-wanke. Lita 100 ke nan. Mutum 26 za su ci lita 2,600, wato jarka 104. Idan kurar ɗan garuwa tana ɗaukar jarka 12, ana buƙatar kusan kura tara kowace rana. Wa zai turo kura a tsakiyar Fasifik?

Amsar tana ɗakin injuna. Akwai na'urar da ke zuƙo ruwan teku, ta fara tace datti, sannan wani famfo mai ƙarfi ya matsa shi ta cikin wata irin fata mai ramukan da ido ba ya gani. Ruwa yana wucewa, gishiri ba ya iya wucewa. Kaso kaɗan ne ke fitowa a matsayin ruwan daɗi, sauran ya koma teku. Na'urar tana cin wuta, wutar daga janareto take, janareto kuma man dizal yake sha. Ma'ana, duk wanda ya bar famfo yana zuba, mai yake ƙonawa. Shi ya sa ko a jirgin alfarma ake roƙon baƙi su taƙaita wanka, su kuma yi amfani da tawul fiye da sau ɗaya.

Idan na'urar ta lalace, babu makanikin da za a kira daga cikin gari. Injiniya ne zai shiga ɗakin nan mai zafi da ƙara, ya toshe kunnuwansa, ya gyara da kayan da ya yi guzuri. Baƙi da yawa suna gama tafiyarsu ba su gan shi sau uku ba, amma duk sanyin ɗaki da hasken fitila da ruwan wankan da suka mora, daga hannunsa suka fito.

Ina shara take zuwa?

Ba a jefa shara a teku. Ana ware roba daban, gilashi daban, gwangwani daban, ragowar abinci daban, a adana har a koma tashar jiragen ruwa. A jirage da yawa ko takardar banɗaki ba a jefawa a masai, sai a kwando, don bututun siriri ne, yana saurin toshewa. Tun 2018 aka fara hana wasu kayan roba da ake amfani da su sau ɗaya a tsibiran, irin su ledar cefane da tsinken shan lemo. Kowane baƙo gora ɗaya yake riƙewa yana sake cikawa.

Shi ma mai haɗari ne. A watan Janairu na 2001 wani jirgin dakon mai, Jessica, ya daki dutse kusa da tsibirin San Kiristobal, mai ya malale a teku. Wani ɓangare na man da ya ɗauko na jirgin yawon buɗe ido ne. Masana sun gano cewa a cikin shekara guda fiye da rabin ƙadangarun teku na tsibirin Santa Fe sun mutu. Tun daga nan kowa ya gane cewa jin daɗin da ake yi a saman jirgi yana da farashin da wani lokaci dabbobi ne ke biya.

Yamma da dare

Bayan hutun rana akan sake sauka karo na biyu. Wurin da ya fi burge mu shi ne wata gaɓa a tsibirin Floreana, inda ake da ganga ta katako da ke aikin gidan waya tun zamanin jiragen farauta, fiye da shekara 200 da suka wuce. Baƙo zai jefa katinsa ba kan sarki, sannan ya duba na wasu. Idan ya ga wanda za a kai kusa da garinsu, sai ya ɗauka ya kai hannu da hannu. Ya tuna mana yadda iyayenmu ke ba direban tasha saƙo ya kai wa 'yan'uwa.

Kafin abincin dare kowa yana taruwa a falo, ja-gora ya rubuta jadawalin gobe a allo, kamar dai aji. Shi kansa kyaftin ba ya zuwa inda ya ga dama. Hukumar gandun daji ce ke ba kowane jirgi jadawalinsa, kuma tun 2012 tsarin na kwana 15 ne: jirgi ba ya komawa wurin ziyara ɗaya sau biyu a cikin wannan zagaye. An yi haka ne don kada jirage su taru a wuri guda su dami dabbobi.

Da dare, lokacin da baƙi suka kwanta, a lokacin ne doguwar tafiya take farawa. Ana ɗaga anka, a nufi tsibiri na gaba, don gari ya waye a sabon wuri. A ɗakin tuƙi ana kashe fitilu masu haske don ido ya saba da duhu. Ma'aikata suna karɓa-karɓar gadi, galibi awa huɗu-huɗu, suna duban rada da na'urar da ke nuna wuri ta tauraron ɗan'adam. Idan za a tsallaka Ikwaita, kyaftin yakan kira masu sha'awa su zo su ga lambobin na'urar sun koma sifili.

Gudun jirgin ruwa da ma'aunin not ake auna shi. Not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa. Irin wannan jirgi yana yin wajen not goma, wato kilomita 18 da rabi a awa. A daidaita sahu ma zai wuce shi.

Daren ba kowa yake yi wa daɗi ba. Idan teku ya tashi, jiri da tashin zuciya suna kama mutane. Dalilinsa shi ne ido yana ganin ɗaki a tsaye, amma can cikin kunne, inda ma'aunin daidaiton jiki yake, yana jin motsi, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Maganinsa a fita iska a kalli inda sama ta haɗu da teku, ko a sha citta, ko ƙwayar magani. Wannan ciwo ba ya tambayar nawa ka biya.

Ranar ƙarshe ita ce mafi wuya ga ma'aikata. Da safe baƙi suke sauka, da rana sababbi suke isowa. A cikin 'yan awannin da ke tsakani sai an wanke jirgi duka, an sauke shara, an loda abinci. Ma'aikata suna yin makonni a jere ba su kwana gida ba, alhali wasunsu suna iya hango fitilun garinsu daga kan ruwa.

Nawa ne, kuma wa ke amfana?

Mako guda a irin wannan jirgi yana cin dala dubu da dama ga mutum ɗaya. Ban da wannan akwai kuɗin shiga gandun daji. Tun watan Agusta na 2024 baƙon da ya zo daga ƙasa mai nisa irin tamu yana biyan dala 200, ninki biyu na abin da ake biya a da. Yara ƙasa da shekara 12 ne ke biyan rabi. Mu 'yan shekara 13, kuɗin manya za a caje mu.

A nan ma kanmu ya rabu. Wasunmu sun ce wannan harka tana da amfani: kuɗin shiga yana taimaka wa aikin kare dabbobi da hidimar garuruwan tsibiran, kuma yawancin mazauna wurin, waɗanda yawansu ya kusa dubu 30, da yawon buɗe ido suke ci. Wasu sun ce kowane baƙo yana jawo ƙarin mai da ƙarin shara da ƙarin jiragen kaya masu iya shigo da ɓera ko ƙwaro. A 2023 baƙi sun haura 300,000, ko da yake mafi yawansu a otal suka sauka, ba a jirgi ba. Daga 2007 zuwa 2010 ma UNESCO ta sa tsibiran cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Ba mu warware wannan ba, mun bar muku ku tattauna a kulob ɗin muhawara.

To, wa ya ci gardama?

Masu cewa ci da barci ne kawai sun faɗi. Baƙi suna tashi da sassafe su bi doka fiye da yadda muke bin ta makaranta. Ma'aikata kuwa suna ƙirga lita, suna ƙirga ƙwai, suna ƙirga kawuna, suna ƙirga awanni. Mutumin da ke kwance a kujera a kalandarmu yana kwance ne saboda mutum goma suna tsaye.

Da muka gama wannan bincike mun wuce ta wurin famfon makarantarmu, muka tarar an bar shi yana zuba, ga ledojin ruwa a warwatse a gindinsa. A jirgin da masu kuɗin duniya ke hawa ba a yarda da wannan ba. Mu da muke bin layi da bokiti kafin mu samu, me zai sa mu yarda? Mun rufe shi, mun tsince ledojin. Gobe idan kai ne ka fara gani, ɗan'uwa, kai ma ka rufe.

Ga masu sha'awar aikin teku kuma, ku sani ba sai ɗan bakin ruwa ne ke zama kyaftin ko injiniyan jirgi ba. Akwai makarantar koyon aikin jiragen ruwa ta ƙasa a Oron, jihar Akwa Ibom, kuma hanyar zuwa can tana bi ta lissafi da kimiyya, darussan da wasunmu ke gudu.

Ga tambayar wannan mako: jirgi ya ɗaga anka ƙarfe goma na dare, ya yi ta gudun not goma har ƙarfe shida na safe. Kilomita nawa ya ci? Ku rubuta amsa da sunanku da ajinku, ku jefa a akwatin kulob da ke gefen ofishin malamai kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba.

Mu huta lafiya.